Harajin hamshaƙai: kafin a ce kashi nawa, a kan me za a ɗora shi?

A 1990 ƙasashe 12 na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, suna karɓar harajin dukiya duk shekara, wato a tara abin da mutum ya mallaka, a cire bashin da ke wuyansa, a yanki wani kaso daga ragowar. Zuwa 2017 saura huɗu: Faransa, Norwe, Sifaniya da Suwizalan. Da 2018 ta kama, Faransa ma ta rage nata ya koma kan gidaje da filaye kawai. Masu adawa da taɓa aljihun attajirai suna son wannan lissafi, su ce ai ga shi nan an gwada bai yi ba. Masu goyon baya kuma sai su tsallake shi su kama gardamar kashi 2 za a karɓa ko kashi 5.

A ganina duka ɓangarorin sun bar inda gizo ke saƙa. Idan aka bi dokokin da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kusan ciwo iri ɗaya ne ya ɗauke su: an faro harajin daga ƙasa sosai har ya kama masu rufin asiri, an yafe wa manyan kadarori, an kasa ƙiyasta dukiya da gaskiya, an kuma bar ƙofar fita a buɗe. Kashi nawa ita ce tambayar ƙarshe, kuma ita ce mafi sauƙi.

Me ya sa harajin kuɗin shiga ba ya kama su

Ma'aikaci ba ya ganin harajinsa da ido, an zare shi daga albashi tun kafin kuɗin su faɗa asusunsa. Mai hannun jari kuwa doka ba ta ɗaukar ƙaruwar dukiyarsa a matsayin kuɗin shiga sai ranar da ya sayar. Kusan ko'ina haka ake yi, kuma akwai hujja: farashi yana hawa yana sauka, ribar da ke kan takarda yau tana iya zama asara gobe. Matsalar ita ce wanda ya kai wani matsayi ba shi da buƙatar sayarwa har ya koma ga Mahaliccinsa.

A ƙaddara mutum yana da hannun jari na dala biliyan 10 a kamfanin da ya kafa, ƙimarsa tana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100 a shekara. Dala miliyan 700 ke nan ta hau kan dukiyarsa. Kamfanin ba ya raba riba, albashinsa kuma bai taka kara ya karya ba, saboda haka a takardar haraji kusan ba shi da kuɗin shiga. Yana son dala miliyan 50 na kashewa. In ya sayar da hannun jari a Amurka, harajin riba na tarayya zai iya kai kashi 23.8, kusan dala miliyan 12. In kuma ya jinginar da ɗan yanki na hannun jarin ya ci bashi a banki da kuɗin ruwa kashi 5, abin da zai biya a shekara dala miliyan 2.5 ne, kuma bashi ba kuɗin shiga ba ne, babu haraji a kansa. Ranar da ya mutu, dokar Amurka tana ɗaukar farashin ranar mutuwa a matsayin kuɗin da magada suka saya. Ribar shekara arba'in ta goge. Magada su sayar da kaɗan, su biya banki, shi ke nan. Harajin gado na kashi 40 yana nan, amma masu irin wannan dukiya sun daɗe da zuba ta a asusun amana iri-iri tun suna da rai.

A 2021 kafar binciken ProPublica ta sami bayanan harajin manyan attajiran Amurka. Mutum 25 da suka fi kowa kuɗi, dukiyarsu ta ƙaru da dala biliyan 401 daga 2014 zuwa 2018, harajin kuɗin shiga na tarayya da suka biya dala biliyan 13.6. Kashi 3.4 ke nan. Ba wanda ya karya doka.

A Turai dabarar ta ɗan bambanta. Attajiri yana kafa kamfani na biyu wanda aikinsa kawai riƙe hannun jari, ribar da aka raba ta faɗa can maimakon aljihunsa. A Jamus da Faransa an yafe haraji kan kashi 95 cikin 100 na irin wannan riba muddin tsakanin kamfani da kamfani take yawo. Kuɗin suna taruwa a can, ana sake juya su.

Gyara mafi arha a nan bai ma buƙatar sabon haraji. Tun 1972 Kanada take ɗaukar mutuwa tamkar sayarwa: a lissafa ribar da ta taru a kan kadara, a biya harajinta daga abin da mamaci ya bari, sai in mata ko miji ne ya gada, a jinkirta. Akwai kuma masu ba da shawarar cewa in bashin da aka ci da jinginar hannun jari ya wuce wani babban adadi, a ɗauka an sayar da daidai wannan adadi, a biya haraji nan take, a cire shi daga lissafi ranar da aka yi sayarwa ta gaske. Duk ƙasar da ba ta toshe wannan rami ba, ina ganin garaje ne ta fara da harajin dukiya.

Yadda ake gina harajin dukiya, da inda yake tsagewa

Farko, daga ina zai fara? A nan lissafi ne ke magana. Mai ajiyar kuɗi da ke samun kashi 5 a shekara, ga hauhawar farashi kashi 3, ribarsa ta gaske kashi 2 ce. In ka karɓi harajin dukiya kashi 2 ka cinye ribar duka. Biloniyoyi kuwa, bisa lissafin da masanin tattalin arziki Gabriel Zucman ya gabatar wa G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a 2024, dukiyarsu ta yi ta ƙaruwa da kusan kashi 7 a shekara tun 1987, bayan an cire hauhawar farashi. Kashi 2 a kansu rage gudu ne kawai. Kaso ɗaya, nauyi daban. Shi ya sa harajin da ya faro daga yuro miliyan 1.3, kamar na Faransa, yake tara maƙiya cikin likitoci da masu ritaya da suka gaji gida a unguwar da ta yi tsada, su ne kuma masu zuwa rumfar zaɓe.

Shawarar Zucman ta kauce wa wannan. A lissafinsa na 2024, mutum kusan 3,000 ne a duniya suka mallaki dala biliyan ɗaya ko fiye. Kowannensu ya tabbatar harajin da ya biya a shekara bai gaza kashi 2 na dukiyarsa ba. Mai biliyan 10 ana bin sa miliyan 200. In ya riga ya biya miliyan 30 na kuɗin shiga, ya cika 170. In ya biya 200 ko fiye, ba a bin sa ko sisi. An ƙiyasta hakan zai kawo dala biliyan 200 zuwa 250 a shekara. Taron G20 na Rio a Nuwamban 2024 ya amince da magana mai daɗi cewa za a haɗa kai a tabbatar manyan attajirai suna biya, amma ba a sa lamba ba.

Na biyu, yafiya. Harajin dukiya na Faransa bai shafi abin da suke kira kayan sana'a ba: in kana shugabantar kamfani kuma kana riƙe da aƙalla kashi 25 na hannun jarinsa, wannan dukiya ba ta shiga lissafi. To dukiyar biloniya ai kusan duka irin wannan ce. Kayan tarihi da zane-zane masu tsada ma an yafe. Aka wayi gari haraji yana cizon mai miliyan biyu yana lasar mai biliyan ashirin. Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga, kuma kowace yafiya tsaga ce: dukiya tana ƙaura daga abin da ake karɓa a kai zuwa abin da aka yafe, lauyoyi da akantoci su ci abinci.

Akwai wata tsaga da ta fi wannan wayo. Don kada a ce an zalunci mutum, Faransa ta sa doka cewa jimlar harajin dukiya da na kuɗin shiga kada su wuce kashi 75 na kuɗin shigar mutum. Da jin ta ka ce adalci. Amma wa ke iya mayar da kuɗin shigarsa kusan sifili? Wanda muka gani a sama. A 2016 jaridar Le Canard enchaîné ta fitar da jerin sunaye, ciki har da Liliane Bettencourt, magajiyar kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal, wadda ya kamata ta biya sama da yuro miliyan 61 amma wannan doka ta mayar da shi sifili. Sifaniya tana da irin wannan rufi a kashi 60, sai dai ta ce ko mene ne sai an biya aƙalla kashi 20 na harajin da aka lissafa. Da babu gara ba daɗi.

Na uku, kuma a nan aikin yake, ƙiyasi. Kuɗi a banki da hannun jarin da ke kasuwa ba wuya, ana da farashinsu kullum. Zai fi kyau a ɗauki matsakaicin farashi na wata uku na ƙarshen shekara maimakon rana ɗaya, don kada a yi wasa da ranar. Gidaje kuwa su ne suka kashe harajin Jamus. Ana ƙiyasta su da farashin 1964, ana ƙiyasta kuɗin banki da farashin yau. A 1995 kotun tsarin mulki ta ce wannan bambanci ne tsakanin 'yan ƙasa, a gyara. Gwamnati ba ta gyara ba, daga 1997 aka daina karɓa. Dokar tana nan a littafi har gobe. Holan ta bi wata hanya daga 2001: ta ƙaddara kowa yana samun kashi 4 a kan dukiyarsa, ta karɓi kashi 30 na wannan ribar da aka ƙaddara. Da kuɗin ruwa na ajiya ya faɗi kusan sifili, mutane suka riƙa biyan haraji kan ribar da ba su taɓa gani ba, har kotun ƙoli ta taka wa tsarin birki a Disambar 2021.

Kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari fa? Suwizalan, wadda harajin dukiyarta ya fi na kowa kawo kuɗi, kusan kashi 1 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, tana da tsari mai sauƙi. A lissafa ƙimar kamfani ta fuskar ribar da yake samu a ninka biyu, a haɗa da ƙimar kadarorinsa bayan cire bashi, a raba uku. Ba cikakke ba ne. Yana rage wa kamfanin fasaha mai tasowa ƙima tunda bai fara riba ba, wani lokaci kuma ya yi wa ƙaramin kamfanin da ya dogara da gumin mai shi nauyi. Amma kowa ya san lissafin tun kafin shekara ta ƙare, shari'a ta yi ƙaranci. Ana iya ƙara masa ƙugiya: in an sayar da kamfanin cikin shekara biyar a farashin da ya zarce ƙiyasi nesa ba kusa ba, a koma baya a biya cikon da kuɗin ruwa.

Wata tsohuwar dabara tana burge ni. A ƙarni na 16 sarakunan Denmak suna karɓar kuɗin fito daga jiragen ruwa masu ratsa mashigin da ke bakin ƙasarsu, gwargwadon ƙimar kayan da suka ɗauko. Matuƙin jirgi ne ke faɗin ƙimar da bakinsa, amma sarki yana da ikon saye kayan a farashin da aka faɗa. Ka rage, a saye maka kaya da arha. Ka ƙara, ka biya fito mai yawa. Ana iya ɗora irin wannan a kan zane-zane da jiragen shaƙatawa, ko da yake gwamnatin da ba a yarda da ita ba za ta iya mayar da shi makamin ƙwace.

Na huɗu, mai dukiya ba kuɗi a hannu. Amsar da aka saba bayarwa ita ce ya biya da hannun jari. Koriya ta Kudu ta gwada a harajin gado, wanda kasonsa yake kai 50, har 60 ga mai riƙe da ragamar kamfani. Iyalan shugaban Samsung, Lee Kun-hee, da ya rasu a 2020, an bi su sama da won tiriliyan 12, suka zaɓi biya kashi-kashi cikin shekara biyar. Magadan wanda ya kafa kamfanin wasannin kwamfuta na Nexon kuwa sun miƙa wa gwamnati kashi 29.3 na uwar kamfanin, NXC, a 2023. Gwamnati ta sa shi gwanjo a ƙarshen shekarar, ba wanda ya taya. Wa zai zuba tiriliyoyi a kamfanin da ba ya kasuwa, ya zama na biyu, iyali na riƙe da sitiyari? Saboda haka in za a karɓi hannun jari, a sa sharaɗi tun farko: rabon riba na tilas, ko wa'adin da iyali za su fanshi kayansu.

Za su gudu?

Wasu za su gudu, ƙarya ne a ce ba za su gudu ba. A 2022 Norwe ta ɗaga kason zuwa 1.1 ga manyan dukiyoyi, ta rage rangwamen da take yi kan hannun jari, ta kuma ƙara harajin rabon riba har ya kai kashi 37.84 daga baya. Haɗuwar ukun ce ta yi zafi. Mai kamfani da ake bi 100 na harajin dukiya sai ya ciro kusan 161 daga kamfanin, domin abin da ya ciro ma akwai haraji a kai. Attajirai da dama, ciki har da Kjell Inge Røkke, suka tattara suka koma Suwizalan. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne tsohuwar doka: in ka bar ƙasar ka yi shekara biyar ba ka sayar da hannun jarinka ba, harajin ribar da ta taru ya faɗi. Sai a ƙarshen Nuwamban 2022 aka soke ta. Ihu bayan hari.

Harajin fita shi ake fara kafawa kafin a ɗaga komai. Ranar da mutum ya sauya mazauni a ɗauka ya sayar da komai, a lissafa ribar, ya biya nan take ko kashi-kashi tare da jingina. In ya dawo bai sayar ba a mayar masa. Birtaniya ta ƙara masa wutsiya a harajin gado daga Afrilun 2025: wanda ya zauna shekara 10 cikin 20 da suka wuce, hannun hukuma bai sauka daga kansa ba sai bayan shekara 3 zuwa 10 da tafiyarsa. Amurka kuwa tana bin ɗan ƙasarta duk inda yake, in ya ajiye fasfo kuma dukiyarsa ta kai dala miliyan 2, sai an yi masa lissafin fita.

Gudu a cikin gida ma akwai. A Sifaniya yankuna ne ke da iko da harajin dukiya, Madrid ta yafe shi ɗari bisa ɗari, masu kuɗi suka riƙa mayar da adireshi can. A ƙarshen 2022 gwamnatin tsakiya ta kafa nata a kan abin da ya haura yuro miliyan 3, daga kashi 1.7 zuwa 3.5, kuma ana cire abin da mutum ya biya yankinsa. Ma'ana yankin da ya yafe bai taimaki kowa ba, kuɗin ne kawai ya wuce shi.

Ɓoye kuɗi ya fi da wuya yanzu. A wani tsari da ya fara aiki a 2017, yanzu ƙasashe sama da 100 suna aika bayanan asusun bankin baƙi zuwa hukumomin harajin ƙasashensu ba tare da an nema ba. Tsarin bai shafi gidaje da filaye ba, bai shafi zinariya da zane da ke kulle a rumbunan tashar jiragen sama ba, kuma Amurka ba ta shiga ba. Can kuɗin suke malala.

Manyan kamfanoni

Kamfanin da ke aiki a ƙasashe hamsin abu ɗaya ne, amma doka tana kallon kowane reshe tamkar baƙo ne ga ɗan'uwansa. Daga nan wasan yake farawa. Reshen da ke da masana'anta ya ƙera kaya a kan 60, ya sayar wa reshe na biyu da ke ƙasar da ba haraji a kan 62. Na biyun ya sayar wa na uku, mai rarraba kaya a kasuwa, a kan 95, shi kuma ya sayar wa jama'a a kan 100. Kayan ba su taɓa sauka a ƙasa ta biyu ba, takarda ce kawai ta bi ta can. Riba 40 ce: 2 a inda aka yi gumi, 33 a inda ba a yi komai ba, 5 a inda aka saya. In ƙasa ta farko tana karɓar kashi 30, ta uku kashi 25, jimlar haraji 1.85 ne, ƙasa da kashi 5 na ribar.

A kan kaya irin su tagulla ko alkama ana iya kama wannan, tunda akwai farashin kasuwa da za a gwada da shi. Tambarin kamfani da manhajar kwamfuta fa, nawa ne farashinsu na gaskiya? Ba a sayar da irinsu a kasuwa. Sai a ajiye haƙƙin mallakarsu a reshe mai ma'aikata biyar, sauran rassa su riƙa biyan ladan amfani. Ko reshen can ya ba na nan bashi, kuɗin ruwa ya cinye ribar. Wannan na biyun yana da magani mai sauƙi da Tarayyar Turai ta ɗauka: kuɗin ruwan da za a cire daga riba kada ya wuce kashi 30 na ribar aiki.

Hukumar Tarayyar Turai ta gano a 2016 cewa wani reshen Apple a Ayalan ya biya kashi 0.005 cikin 100 na ribarsa a 2014, ta umarci a biya yuro biliyan 13. Sai a Satumbar 2024 babbar kotun Turai ta tabbatar. Shekara takwas a kan kamfani ɗaya. Bin su ɗaya-ɗaya ba zai kai ko'ina ba.

Shi ya sa a Oktobar 2021 ƙasashe sama da 130 suka amince da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 ga kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750 a shekara, ya fara aiki a wurare da yawa daga 2024. Ana lissafi ne ƙasa-ƙasa. Reshe ya sami ribar yuro miliyan 100 ya biya miliyan 5, wato kashi 5, saura maki 10 ya cika 15. Kafin a ɗora cikon ana cire wani kaso na albashi da na kadarorin da ake gani da ido, wanda ya faro daga kashi 10 da 8 yana sauka zuwa 5 cikin shekara goma. In albashi miliyan 20 ne, injuna da gine-gine miliyan 50, a kashi 5 an cire miliyan 3.5, cikon ya zama miliyan 9.65. In reshen akwatin gidan waya ne kawai, ba ma'aikata ba kadara, miliyan 10 cif.

Hikimar tana wajen wanda ke karɓa. Ƙasar da reshen yake ita ce ta farko, in ta yi dokar ciko ta cikin gida. In ba ta yi ba, ƙasar uwar kamfani ta karɓa. In ita ma ta ƙi, sauran ƙasashen da kamfanin ke aiki su raba. Ke nan duk gwamnatin da ke ba babban kamfani hutun haraji na shekara goma, kyauta take yi wa baitulmalin wata ƙasa. Ayalan, mai kashi 12.5, ta ga haka ta kafa dokar ciko. Bamuda da ba ta taɓa karɓar harajin riba ba ta fara karɓar 15 daga 2025.

Tsagar nan ma ba ta ɓuya ba. Kamfani ya sami 100, harajinsa 15, gwamnati ta yi masa rangwamen 10. In rangwamen haraji ne na yau da kullum, an ce ya biya 5, sai ciko. In kuwa irin wanda gwamnati ke biya da tsabar kuɗi cikin shekara huɗu ne, ana ɗaukarsa kuɗin shiga: 15 a kan 110, kashi 13.6. Kuɗi ɗaya, suna daban. Gasar rage haraji ta koma gasar tallafi, kuma mai kauri a aljihu ne ke cin irin wannan gasa. Ga kuma Amurka: a Yunin 2025 ƙasashen G7, wato manyan ƙasashe bakwai masu arzikin masana'antu, suka amince a tsame kamfanoninta daga matakai biyu na ƙarshe na karɓar ciko. Abin da ya rage da ƙarfi shi ne dokar ciko ta cikin gida.

Ɗaya rabin yarjejeniyar, wanda zai ba ƙasashen da ake ciniki a cikinsu rabo daga ribar manyan kamfanoni, bai fara aiki ba. Wasu suka kafa haraji kan cinikin intanet, Faransa kashi 3, Birtaniya kashi 2. Yana da sauƙin karɓa, yana kuma da sauƙin turawa kan mai talla da mai saye, kuma yana jawo barazanar ramuwa. Kanada ta janye nata a Yunin 2025.

A tuna kuma ba duk harajin kamfani ne ke sauka kan masu jari ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar Amurka yana lissafin kashi 75 a kan masu jari, 25 a kan ma'aikata. Wanda aka ɗora kan riba mai wuce kima ya fi zama a inda aka ajiye shi.

In hukumar haraji ba ta da ƙarfi

Duk abin da aka faɗa yana buƙatar rajistar filaye mai aiki, rajistar ainihin masu kamfanoni, da ma'aikatan da ba za a saye su da albashin wata ɗaya na lauyan da ke gabansu ba. Inda babu waɗannan, a fara da ƙaramin sashe na musamman. Yuganda ta kafa irinsa a 2015, ta tara sunayen masu hannu da shuni daga bayanan da ke hannun hukuma, cikin ƙanƙanen lokaci masu cike takardar haraji a cikinsu suka tashi daga tsiraru zuwa mafi rinjaye, ba tare da sabuwar doka ba. Jami'in da ya gwada abin da mutum ya ce ya samu da gidajen haya da kayan da ya shigo da su ta tashar jiragen ruwa ya riga ya yi rabin aikin.

Sai sayar da kadara ta bayan gida. A 2007 Vodafone ta sayi babban kaso na wani kamfanin waya a Indiya kan dala biliyan 11, amma a takarda wani kamfani ne na tsibiran Cayman ya sauya hannu. Indiya ta nemi haraji, kotun ƙolinta ta ce a 2012 doka ba ta ba ta wannan iko ba. Majalisa ta gyara dokar ta mayar da aikinta baya har 1962. A 2020 kotun sasanci a Hague ta ba kamfanin gaskiya, a 2021 Indiya ta janye. Shekara goma sha huɗu, ba a sami kuɗin ba.

Sakin layi ɗaya da aka rubuta kafin ciniki zai wadatar: in sama da rabin ƙimar hannun jarin da aka sayar ta fito daga kadarorin cikin ƙasa, har da lasisin haƙar ma'adinai da na sadarwa, a kowane lokaci cikin kwana 365 kafin sayarwa, ribar tana da haraji a nan. Tunda mai sayarwa yana waje, a ɗora wa mai saye alhakin riƙe kuɗin, ko a bi kamfanin da ke cikin gida. Sannan a ɗauko yarjejeniyoyin haraji da aka sa wa hannu da wasu ƙasashe a karanta su layi-layi, domin a ƙasashe da yawa yarjejeniya tana gaba da dokar gida, kuma tsofaffin cikinsu da dama sun bar wa ƙasar mai sayarwa ikon karɓar wannan haraji ita kaɗai.